Abuja zuwa Guangzhou: yadda ake lissafin nisa da awanni kafin a yanki tikiti

Wanda ya tsaya a Abuja ya fuskanci alƙibla, ya fuskanci birnin Guangzhou na ƙasar Sin ma, ko ya sani ko bai sani ba. Alƙiblar Abuja tana wajen digiri 65 idan an auna daga arewa an karkato gabas, hanya mafi gajarta zuwa Guangzhou kuwa tana tashi a wajen digiri 64. Da jirgi zai ɗaga daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe ya miƙe a kan wannan layi ba karkacewa, da sai ya bi ta saman Jos da Maiduguri, ya wuce kusa da Njamena, ya keta arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya a saitin Jidda, ya gifta ta gefen Doha da Dubai, ya ratsa kudancin Iran da Pakistan da arewacin Indiya da Nepal da arewacin Myanmar, ya shiga ƙasar Sin ta lardin Yunnan, sannan ya sauka a filin jirgin Baiyun na Guangzhou. Tsawon wannan layi kimanin kilomita 11,200 ne. Kewayen duniya kaf kusan kilomita 40,000 ne, ka ga an haura rubu'in duniya ke nan. Alhazan da ke tashi daga Abuja zuwa Jidda suna cin kimanin kilomita 3,700, mai zuwa Guangzhou kuwa ya ninka wannan sau uku.

Sai dai wannan lamba ita kaɗai ba za ta gaya maka ko cikin awa 18 za ka isa ko sai ka kwashe awa 30 ba. Shi ya sa ya kamata a zauna a warware lissafin, musamman saboda 'yan kasuwarmu na Wuse da Garki da Taminus ta Jos masu zuwa sarin kaya, da ɗalibai, da masu zuwa baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara, daga Afrilu zuwa Mayu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba. Galibin wahalar da ake sha a wannan hanya, tun ranar yankar tikiti ake sayenta.

Layin da ke lanƙwasa

A taswirar bango ko ta waya, hanyar nan ba ta fitowa a miƙe. Abuja tana digiri 9 arewa da layin Ikwaita, Guangzhou tana digiri 23, amma layin sai ya hau har digiri 27 da rabi a arewacin Indiya kafin ya gangaro. Mai kallo sai ya ɗauka kewaye aka yi. Dalilin shi ne duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya, duk yadda aka yi sai ta gurɓata siffa. In ka samu taswirar nan mai siffar ƙwallo da ake ajiyewa a makarantu, ka ɗora zare a kan Abuja ka ja shi ya yi tauri zuwa Guangzhou, inda zaren ya kwanta nan ce gajeruwar hanya.

A kula da ma'auni kuma. Allon da ke bayan kujera yakan nuna nisa da kilomita, ya juya ya nuna da mil, matuƙa jirgi kuma da mil na teku suke aiki. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, mil na teku kilomita 1.852. Nisan nan na 11,200 shi ne kimanin mil 6,960, shi ne kuma mil na teku 6,050. Duk abu ɗaya ne, kada a ga lamba ta ragu a zaci hanya ce ta gajarce.

Babu jirgin da ke bin zaren nan sak. Sama ma tana da hanyoyinta da aka shata, kowace ƙasa kuma ita ke da iko da sararin da ke kanta. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen da suka saba ratsawa ta nan suka koma kewayawa ta kudu ko ta arewa. A Agustan 2023 Nijar ma ta rufe nata bayan juyin mulki, abin da ya ƙara wa jiragen da ke tashi daga Najeriya zuwa arewa tsawon hanya. Daga Yunin 2017 zuwa Janairun 2021 jiragen Katar ba sa ratsa Saudiyya da Masar saboda takun-saƙar da aka yi tsakaninsu. Kowane kewaye irin wannan ƙarin mai ne, ƙarin mintuna ne, wani lokaci har awa guda ko fiye.

Akwai kuma duwatsu. Jirage suna gudun tsaunukan Himalaya da tudun Tibet, ba don ba za su iya wucewa ta samansu ba. Idan iskar cikin jirgi ta zurare, dole matuƙi ya gangaro zuwa wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi da kansa, domin abin shaƙar nan da ke faɗowa daga sama na 'yan mintuna ne kawai. Tudun Tibet kuwa ya haura mita 4,000, babu inda za a gangara. Saboda haka ake raɓawa ta gefensa.

Inda ake yada zango

Jiragen yanzu suna iya cinye kilomita 11,200 a tashi ɗaya. Boeing 787-9 yana kai kimanin kilomita 14,000, Airbus A350-900 ya ɗara haka, tsakanin Singafo da New York ma ana yin fiye da kilomita 15,000 ba sauka. Abin da ya sa matafiyin Abuja yake sauka a wani gari ya canja jirgi shi ne lissafin kasuwa: kamfani yana so ya tara fasinjojin Abuja da Legas da Kano da Akara da Duwala a wuri ɗaya, ya cika babban jirgi guda da su.

Zangon da aka fi bi huɗu ne, ga yadda nisansu yake a kan miƙaƙƙen layi. Ta Doha, kilomita 5,020 ne daga Abuja, sai 6,200 zuwa Guangzhou, jimilla 11,220. Doha a kan zaren take zaune, kusan babu asarar ko kilomita. Ta Alƙahira, 3,440 da 7,990, wato wajen 11,430. Ta Adis Ababa, 3,460 da 8,040, wato 11,500. Ta Istanbul ce aka fi kewaye, 4,160 da 7,880, ya kama 12,040.

Dubi bambancin da kyau. Tsakanin mafi gajarta da mafi tsawo kilomita 800 ne da 'yan kai, abin da jirgi ke cinyewa cikin awa ɗaya. Amma zaman jira a zango yana iya zama awa 2, yana iya zama awa 14. A nan tafiya take tsawo ko ta gajarce. Ni a ganina wanda ya tsaya yana kwatanta kilomita ya bar duba awannin jira, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ga hanyar lissafin awanni mai sauƙi. Jirgin doguwar tafiya yana gudun wajen kilomita 900 a awa idan ya daidaita a sama, tsakanin mita 10,000 zuwa 12,500. Amma hawa da gangarowa ba su kai wannan gudun ba, don haka ka raba nisan da 850, ka ƙara rabin awa na jan jiki a kan titin jirgi da jiran izinin tashi. Abuja zuwa Adis Ababa zai ba ka awa 4 da rabi zuwa 5. Adis Ababa zuwa Guangzhou awa 10. Doha zuwa Guangzhou kusan awa 8. In ka ga abin da ke kan tikiti ya zarce lissafinka sosai, to ko dai kewaye ake yi, ko kuma akwai tsayawa a wani gari da ba a fito da ita fili ba. Ka tambayi ejan ɗinka, domin jirgi yana iya riƙe lamba ɗaya amma ya sauka a hanya ya ɗebi fasinja.

Zuwa da dawowa ba sa zama daidai. A can sama, wajen digiri 25 zuwa 30 arewa, akwai wata igiyar iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, lokacin hunturu takan wuce kilomita 200 a awa a saman Larabawa da arewacin Indiya da kudancin Sin. Mai zuwa gabas tana tura shi, mai dawowa yana kokawa da ita. Shi ya sa dawowa takan ɗara zuwa da awa ɗaya, wani lokaci fiye. Da damina kuwa igiyar takan ja arewa, wata iskar mai kaɗowa daga gabas ta bayyana a saman kudancin Indiya zuwa Afirka, sai bambancin ya ragu, musamman a hanyar Adis Ababa.

Adis Ababa tana da nata sha'ani. Filin jirgin Bole yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,330, alhali na Abuja kimanin mita 340 ne, na Jos da ke Heipang kuma wajen 1,290. A wannan tsayi kaurin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, injin ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ba ya ɗaukar nauyi kamar a ƙasa, zafin rana kuma yana ƙara dagula lamarin. Yana daga cikin dalilan da jiragen dogon zango suke tashi daga can da dare. Jirgi irin 787 yana shan mai tan 5 zuwa 6 a awa, tafiyar awa 10 ke nan ta haura tan 50, ban da na ko-ta-kwana: kashi 5 cikin 100 na man hanya, da wanda zai kai shi wani filin idan an kasa sauka, da na ƙarin minti 30 a sama. Ba a rage wannan mai don a sauƙaƙa nauyi. Idan nauyi ya wuce ƙa'ida a kowane filin jirgi, kaya ake fara saukewa, su biyo jirgi na gaba.

Agogon da ke kan tikiti

Nan ne aka fi yin ɓatan kai. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, agogon garin da ake magana a kansa ne. Habasha da Katar da Turkiyya suna gaban Najeriya da awa 2. Masar awa 1, da bazara ta koma 2 saboda suna tura agogo gaba. Ƙasar Sin, duk girmanta, agogo ɗaya take bi, tana gabanmu da awa 7.

A ɗauki misali. A ce jirgi ya tashi Abuja 13:30, ya yi awa 4 da minti 45, ya sauka Adis Ababa 20:15 agogonsu. Ka jira awa 4, ka tashi 00:15, ka yi awa 10, ka sauka Guangzhou 15:15 washegari. Wanda ya ƙirga daga 13:30 zuwa 15:15 na washegari zai samu awa 25 da minti 45, amma sai ya cire awa 7 na bambancin agogo, ainihin tafiyar awa 18 da minti 45 ce. A dawowa lissafin juyawa yake: ka bar Guangzhou 00:30, ka iso Abuja 12:15 na wannan ranar, agogo ya nuna ƙasa da awa 12, jikinka kuwa ya san ya yi kusan 19. Ƙaramar alamar +1 da ake sa wa a gefen lokacin sauka tana nufin kwanan wata ya juya. Wanda zai tarbe ka, da otal ɗin da ka kama, ranar sauka za ka ba su.

Mafi hatsari shi ne jirgin da ke tashi bayan sha biyun dare. Tikiti ya ce 00:30 ranar 15 ga wata, to daren 14 ga wata za ka je filin jirgi, wajen ƙarfe tara. Wanda ya bari sai daren 15 ya makara da kwana guda cur. Kuma ƙa'idar yawancin kamfanoni ita ce, in ka rasa jirgin farko ba ka sanar ba, sauran tafiyar da ke kan tikitin duk ta rushe, har da dawowa.

A kan awa 19 ɗin nan sai ka ɗora abin da ke wajen jirgi. Daga tsakiyar Abuja zuwa filin jirgi kusan kilomita 40 ne ta Lugbe, ka ba shi awa guda. A isa awa 3 kafin tashi, domin akan rufe kantar auna kaya saura awa ɗaya, a rufe ƙofar shiga jirgi saura minti 15 zuwa 20. A can kuma layin shige da fice, da jiran jaka, da kwastan, da tafiyar kusan kilomita 30 daga Baiyun zuwa cikin gari. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar masauki, yini da kwana ne cif ko da komai ya tafi daidai.

Mutumin Jos nasa ya fi haka. Hanyar mota ta Akwanga da Keffi takan ci awa 4 zuwa 5, kuma babu mai iya yi maka alkawari a kan cunkoson Mararaba da Nyanya. Shawarata ba ta canjawa: ka sauko Abuja tun ana gobe tafiya, ka kwana. Haka wanda zai haɗa da jirgin cikin gida daga kowane gari, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da hazo ke hana jirage tashi da sauka. Tikitin cikin gida daban yake da na waje, in ya makarar da kai kamfanin waje ba ruwansa.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi komai muhimmanci a wajen saye: a tabbatar duk tafiyar tana kan tikiti ɗaya. Ana gane haka da lambar ajiyar kujera mai haruffa da lambobi 6, da lambar tikiti mai lambobi 13 wadda ukun farkonta ke nuna kamfani, 071 na Ethiopian, 157 na Qatar Airways, 235 na Turkish, 077 na EgyptAir. Ka shiga shafin kamfanin da kanka ka sa lambar da sunan mahaifi ka ga ta fito, domin ajiyar kujera daban, tikitin da aka biya daban. Idan tikiti ɗaya ne kuma jirgin farko ya yi latti, nauyin kamfani ne ya sa ka a na gaba. Idan ejan ya haɗa maka tikiti biyu don ya yi araha, to a zango sai ka fita ka ɗauki jakarka ka sake aunawa, fitar kuma tana buƙatar bizar wannan ƙasa, in ka makara kuma kuɗinka ya tafi. Ragin da aka yi maka bai kai wannan kasada ba.

Jiran da ya fi dacewa a zango awa 2 da rabi ne zuwa 4. Ƙasa da awa ɗaya da rabi, kai kana iya kamawa da gudu jakarka ta kasa. In jiran ya kai awa 8, wasu kamfanonin suna ba da otal, amma da sharuɗɗa, a tambaya kafin a biya kuɗi.

Takardu da kaya

Sunan da ke kan tikiti ya zama harafi da harafi irin na fasfo. Mu wannan ya fi shafa: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Abdullahi da Abdullah, A'isha da Aishatu, ga kuma juya sunan yanka da na mahaifi. Ka tura wa ejan hoton shafin fasfo, kada ka karanta masa ta waya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Bizar Sin tun a nan gida ake samunta, mai harafin M ta kasuwanci ce kuma tana buƙatar takardar gayyata, L ta yawon buɗe ido, X ta karatu. Katin rigakafin shawara dole ne ga mai fitowa daga Najeriya. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Kuɗin hannu da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastan a nan, a Sin kuwa iyakar dala 5,000 ce ko yuwan 20,000.

A wannan hanya an saba ba da jaka 2 masu kilo 23 kowace, da ta hannu kilo 7, amma ya danganta da irin tikitin, a duba. Kilo 46 ɗin ba a haɗa shi a jaka ɗaya: mai kilo 30 da mai kilo 16 za a caje ka kuɗin ƙari a kan ta farkon. Jakar da ta wuce kilo 32 ba a karɓarta sam, saboda masu ɗagawa. Tsawo da faɗi da kauri in an haɗa kada su wuce santimita 158. Idan an manna wa jakarka takarda a kanta, ka karanta da idonka: haruffa ukun ƙarshe su zama CAN, wato Guangzhou. In ka ga ADD (Adis Ababa) ko DOH (Doha) kawai, jakar a zango za ta tsaya. Ɗan guntun takardar da ake manna maka a bayan katin shiga jirgi kuwa ka adana shi, shi ne shaidarka.

Batirin cajin waya ba ya shiga jakar da ake aunawa, a hannu ake riƙe shi, saboda in ya kama wuta a cikin ɗakin fasinja ana iya kashewa. Iyakarsa 100Wh, wato ma'aunin wutar da yake ɗauka. Mai 20,000mAh yana kama 74Wh, ya wuce lafiya. Mai 30,000mAh ya kai 111Wh, sai da izinin kamfani. Wanda rubutun jikinsa ya goge, karɓewa ake yi. Tun ƙarshen Yunin 2025 kuma Sin ta hana shiga jiragen cikin gida da wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta ƙasar, mai niyyar wucewa garin Yiwu ta jirgi ya san da wannan. Ruwa da turare da man shafawa a jakar hannu kada kwalba ta wuce mililita 100. Kilishi da dambun nama da ɗanyen 'ya'yan itace da iri, kwastan ɗin Sin ba sa bari a shiga da su. Magani a bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ka karɓa, ko na wane ne, ko a Abuja ko a zango. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Sin yana kaiwa ga kisa, kuma sunan da ke jikin jaka shi ake tuhuma. Kunyar ƙin karɓar saƙo ta minti ɗaya ce.

Abin da awa goma ke yi wa jiki

A waje sanyi yana kai digiri 50 ƙasa da sifiri. A ciki ana matsa iska ta zama kamar ta tudu mai mita 1,800 zuwa 2,400, laimarta kuma tana sauka zuwa kashi 10 zuwa 20 cikin 100, tamkar hunturun Jos a tsakiyar Janairu. Leɓe na tsagewa, hanci na bushewa, ido na ƙaiƙayi. Ka riƙa kurɓar ruwa, kamar kofi ɗaya duk awa, ka rage shayi da kofi da lemon kwalba mai gas, domin iskar da ke cikin ciki tana kumbura idan an hau sama.

Babban abin tsoro shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wadda hatsarinta ke ƙaruwa da zarar zama ya wuce awa 4. Gudan jinin yana iya ɓallewa ya toshe huhu, ko bayan an sauka da kwanaki. Duk awa 2 ka miƙe ka taka, a zaune kuma ka riƙa ɗaga dunduniya da yatsu. Kada ka cusa jaka inda za ka miƙe ƙafa. Kujerar bakin hanya ta fi ta taga a doguwar tafiya. Mai ƙiba, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda ya taɓa samun wannan matsala, su ga likita kafin tafiya, akwai safa ta musamman mai matse ƙwauri. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa ba a jira. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ya tsara lokutanta da likita, domin ranar zuwa gajeruwa ce, ranar dawowa doguwa. Lokacin gangarowa a riƙa haɗiyar yawu ko tauna cingam saboda kunne, jariri kuma a ba shi nono.

Gajartar ranar nan ta shafi salla kai tsaye. Jirgin da ya nufi gabas yana tarar rana ne, sai ta riƙa tafiya kusan ninki ɗaya da rabi na yadda aka saba. Tazarar da ke tsakanin ketowar alfijir da fitowar rana, wadda a ƙasa takan kai awa ɗaya da kwata, a sama tana iya komawa minti 45. Wanda ya ce bari ya ɗan ƙara runtsawa sai ya farka ya tarar da rana, ga tagogi a rufe ba ya gani. Agogon hannu ba ya amfani a nan, yanayin inda jirgi yake shi ne abin dubawa, haka ma mai azumi wajen buɗa baki. A yi alwala kafin a shiga, a yi amfani da ɗakunan salla da ke filayen zango. Hukuncin kasaru da haɗa salloli da yin salla a zaune in babu wurin tsayuwa, a tambayi malamai tun a gida. Alƙibla kuma tana juyawa: da zarar an wuce Saudiyya ta koma bayan jirgi, a Guangzhou yamma ake fuskanta da ɗan karkata arewa, wajen digiri 285. Abincin jiragen Katar da Turkiyya da Masar halal ne. A sauran kamfanoni a nemi ejan ya sa MOML, wato alamar abincin Musulmi, a tikiti, aƙalla kwana 2 kafin tashi.

Bayan an sauka

In jaka ba ta fito ba, ko ta fito a fashe, kada ka bar zauren kaya sai ka je teburin kamfani an cike maka takardar rahoto an ba ka lamba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana 7 don kai ƙorafin lalacewa a rubuce, kwana 21 don jinkiri. Iyakar diyya tun ƙarshen 2024 ita ce SDR 1,519 (ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya), wajen dala 2,000, komai tsadar abin da ke ciki. Shi ya sa kuɗi da waya da takardu da samfurin kayan da za ka nuna wa masana'anta suke zama a jakar hannu, tare da kayan sawa na kwana ɗaya.

Dokar Sin ta ce baƙo ya yi rajistar masaukinsa cikin awa 24. Otal yana yi maka da fasfonka, amma in a gidan ɗan'uwa ka sauka a unguwar Xiaobei ko Sanyuanli, kai da shi za ku je ofishin 'yan sanda na unguwa. WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a intanet ɗin ƙasar, don haka adireshin masauki da rubutun Sinanci a buga shi a takarda, WeChat kuma, manhajar aika saƙo da ake amfani da ita a can, a sauke shi tun a Abuja.

Awa 7 ɗin nan sai jiki ya biya su. Ƙarfe 11 na dare a Guangzhou, jikinka yana ganin la'asar ce ta ƙarfe 4. Ƙarfe 8 na safe da za ka fita kasuwa, a wajensa ƙarfe 1 ne na dare. Mai zuwa gabas yakan gyara kusan awa ɗaya ne a kowace rana, wato mai zaman mako guda yana gama daidaituwa ne lokacin da zai juyo. Abin da ke taimakawa: kwana 3 kafin tafiya ka riƙa kwanciya da wuri, in ka sauka da rana ka daure har bayan isha'i, barcin rana kada ya wuce rabin awa, ka fita cikin hasken rana daga hantsi zuwa azahar. Cinikin da ya ƙunshi kuɗi mai yawa, da duba ingancin kaya, da sa hannu a takarda, a bar su sai rana ta biyu ko ta uku, kuma da yamma, lokacin da kai ya fi washewa.

A dawowa nauyi ne ke kayar da mutane. Kuɗin ƙarin jaka a kantar filin jirgi ya fi tsada a kan wanda aka saya a shafin kamfani tun da wuri, kayan sari kuwa hanyarsu kargo ce, ta sama ko ta ruwa. Ka sayi ɗan sikelin hannu ka auna kowace jaka a masauki, ka tsaya a kilo 22 da rabi, domin sikeli ba ya zama ɗaya da sikeli. Kayan da ke da batiri a ciki, irin su fitilun caji da ƙananan fankoki, a tambayi kamfani kafin a cusa su a jaka, in ba haka ba na'urar bincike za ta tsayar da jakar a Baiyun, a kira sunanka ka koma ka buɗe ta alhali ana shiga jirgi.